Bawana Bai Zo Shara Ba

Asabar, 26 ga Janairu, 2002

Badamasi za shi Sudan. Na rubuta ne don in ga ko a takarda zai fi sauƙin haɗiya. Bai fi ba.

Alhaji Jalo, mai shirya finafinai daga Kano, ya zo Gwarzo bayan azahar. Zai mai da wasana fim, wasan da na rubuta a kan Kakanmu Malam Ilu, wanda ya tafi hajji da ƙafa, ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan, ya kai har bakin teku bai samu hayewa ba, ya dawo gida da gorar ruwa da tari. Alhaji ya ce tun da aka ƙaddamar da Shari'a harkar fim ta zama ta kaffa-kaffa, shi kuwa yana son abin da malamai za su kalla ba su kau da kai ba. Kuma a can za a ɗauka, cikin gonakin audugar na gaske.

Ni na kafa ƙungiyar wasan nan. Ni nake fitowa a Kaka tun ranar da muka fara a filin firamare. Badamasi da raƙumi ya fara, shi ne ƙafafun baya. Amma Alhaji ya dube ni, ya dube shi, ya ce kyamara dogon mutum take so. Kaka gajere ne kamar ni, kowa a ƙauyenmu Gude ya sani.

Badamasi ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba, wato taubashina, bawana tun ranar sunansa. Ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Ubangida, zan kawo maka dabino ka tsotsa, ka ji ɗanɗanon ƙasar waje." Na yi dariya na ce a ɗaure shi da igiya a jirgin, kar ya buɗe taga zai tofar da yawu. Kowa ya ce kai Malam Baƙo, wasanku ba ya tsufa.

Talata, 29 ga Janairu

Albashi shiru. Na jingine mashin a zaure saboda mai, na koma zuwa makarantar da nake koyarwa a garin Jama'a a keke. Yara sun ce Malam ya yi kwalliyar gumi.

Matata Asiya ta ce tun Asabar ban gama tuwona ba. Na ce miyar ce ba gishiri. Ta ɗanɗana a gabana, ta ajiye ludayin.

Litinin, 4 ga Fabrairu

Kano, ofishin fasfo. Alhaji ya ce ni ma in yi, "ko wuri zai samu, tunda kai ne mai labari." Ko wuri zai samu! Ni da na haifi labarin nake jiran a matsa mini gefen benci.

A mota maza gaba, mata baya, ga tsadar kuɗin mota kamar za mu Makka. Badamasi bai rufe baki ba tun daga Gwarzo har Kabuga. Ya gaya wa direba, ya gaya wa yaron mota, ya gaya wa wata tsohuwa mai kaji da ba ta tambaye shi ba. Sudan, Sudan.

Wurin hoto ya ari hulata, don tasa ta koɗe. Ta fi yi masa kyau. Wannan ma sai da ya tsaya mini a rai.

Juma'a, 8 ga Fabrairu

Liman ya yi huɗuba a kan hassada. Ban san wanda ya kai masa labari ba.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Yau Alhaji ya zaunar da mu ya yi mana bayanin takardu, kaina har ciwo ya yi. Fasfo daban. Katin allurar rigakafi daban. Izinin ɗaukar fim daga hukumar can daban, kuma sai an juya labarin gaba ɗaya da Larabci sun karanta. Izinin shiga da kyamara da fitilu daban, kowane ƙarfe da lambarsa. Sannan bizar aiki, wadda ya ce ba irin ta mai yawon buɗe ido ba ce, kowane mutum sai an faɗi aikin da zai yi, kuma sai wani ɗan ƙasar ya tsaya masa.

Mai tsaya musu shi ne Malam Mahbub, Balaraben Sudan mai sayar da turare a Fagge. Alhaji ya ce mutumin kirki ne amma akwai tsoro. Abin da yake gudu shi ne wani ya shiga da sunansa, ya sulale bakin teku ya haye Saudiyya, a bar shi da hukuma. Don haka ya ce sai ya je garin kowa da ƙafarsa ya tambayi halinsa.

Na ga labarina da Larabci. Shafi talatin da wani abu, ban iya karanta komai ba sai sunana a ƙasa, ƙanƙani. Labarin zai tafi, sunan zai tafi, Badamasi zai tafi. Ni da kekena muna nan.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Mun je Gude yi wa Gwaggo barka da Sallah. Ta rame, amma baki har kunne. Ta shiga ɗaki ta fito da gorar Kaka, ainihin wadda ya dawo da ita, ta yi baƙi ƙirin, igiyar fatar ta bushe. Ni ban ma san tana wurinta ba. Duk shekarun nan da gorar kasuwa nake wasa.

Ta ce Badamasi zai rataya ta a fim ɗin. "Ta koma ta ga inda ta fito."

Na ce madalla. Ni ne ɗan ɗa, Gwaggo. Ni nake ɗauke da sunan gidan. Ban faɗa ba, na ci naman da ta ba ni.

Da za mu tafi Badamasi ya ɓoye mini takalmi ɗaya a kan danga, inda hannuna ba ya kaiwa. Yara suna ta dariya. Da can ni ma dariya nake yi.

Asabar, 2 ga Maris

Fasfo ya fito. Kore shar, ƙamshin sabuwar takarda. Na sa shi a ƙasan akwatin Asiya, na ciro, na mayar. Ban san sau nawa ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Malam Mahbub ya zo. Farar jallabiya, rawani, ƙamshi tun daga bakin titi. Hausarsa ta kasuwa ce amma yana ji sarai. An sauke shi a rumfar mai shayi kusa da tasha, inda 'yan ƙungiya suke zama. Badamasi ya tafi Kabo karɓo takardar shaida daga ƙaramar hukuma, ba ya nan.

Ya tambayi mutane, kowa ya yabi Badamasi. Sai wani ya nuna ni ya ce ga ɗan'uwansa nan, shi ya fi kowa saninsa. Mutumin ya juyo ya ce, "Malam, wannan zai dawo?"

Ni kuwa me taubashi zai ce? A gabansa ko a bayan idonsa, taubashi ba ya yabon taubashi, kowa ya san wannan. Na ce, "Wa? Bawan nawa? Ai gudu a jininsa yake. Kakanmu ya kai bakin teku ya juyo, shi kuwa ya rantse sai ya ƙarasa masa tafiyar. Ranar da ya hango ruwa, ku nemi wani dogon."

Rumfa ta kece da dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Malam Mahbub ya yi ɗan murmushi, ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya shiga mota.

Wasa ne. Kuma Badamasi ya taɓa faɗar haka da bakinsa, wata rana a gona, shi ma da wasa. Ban ƙirƙiri komai ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Wasa ne.

Talata, 12 ga Maris

Alhaji Jalo ya aiko in same shi a tasha. Ya ce Malam Mahbub ya cire sunan Badamasi, ya ce ba zai tsaya masa ba ko za a fasa fim ɗin. Alhaji ya yi masa bayanin taubasantaka har ya gaji, mutumin ya ce ya ji, amma a'a.

Ga shi izinin ɗaukar fim ɗin yana da wa'adi, in ya wuce sai a sake daga farko. Alhaji ya share gumi ya ce, "Malam Baƙo, kai ka san wasan a ka, kuma kana da fasfo. Za mu sa maka takalmi mai tudu."

Na ce a ba ni lokaci in yi shawara. Ƙarya nake, tun kafin ya rufe baki zuciyata ta amsa. Na tuƙo keke zuwa gida kamar ba ni na yini a aji ba.

Laraba, 13 ga Maris

Na ce masa to. An ɗauki sunana, an rubuta aikina: ɗan wasa, babban jarumi.

Asiya ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ta ci gaba da tsince shinkafa. Na tsaya ina jiran sauran, babu.

Ai haƙƙina ne. Wa ya rubuta? Wa ya sha jifa a Garo ranar da aka ce wasanmu bidi'a ne? Badamasi yana cikin buhun raƙumi lokacin, ko tsakuwa ba ta same shi ba.

Litinin, 18 ga Maris

Na haɗu da Badamasi a bakin kasuwa, ya kawo gero a amalanke. Na shirya. Na san zai zage ni tas, ya ce gajere ya yi wa dogo ƙafa, ya fizge hulata ya jefa kan rumfa, in rama, shi ke nan a wuce wurin.

Sai ya sauko, ya ɗan rusuna. "Ina wuni, Malam Baƙo. Ya iyali? Ya makaranta? Na ji abin arziki, Allah ya kai ku lafiya."

Malam Baƙo. Tun da ya iya magana bai taɓa kirana da sunana ba, daga Ubangida sai Guntu. Na ce, "Kai bawa, yau kuma ladabin na mene ne?" Ya ce, "Ba komai, Malam. A gaida gida." Ya ja shanunsa.

Da mari ya yi mini da na fi samun abin yi da fuskata.

Alhamis, 21 ga Maris

An gwada mini takalmin. Ina tafiya kamar mai tsallake kwata.

Lahadi, 24 ga Maris

Cika-ciki. Kowace shekara a wannan rana da sassafe Badamasi yakan zo daga Gude da guntuwar tsintsiya, ya share ƙofar gidana sharar ƙeta, ya tara dattin a kan takalmana, yana ihu wai ubangida ya fito ya sallami bawansa. Ni kuma in fito in ce sharar ba ta yi ba, mu yi ta ja har maƙwabta su taru, sannan in ba shi abin shararsa, Asiya ta zuba masa tuwo da wutsiyar ragon layya. Ko shekarar da ya karye a ƙafa sai da ya sa aka kawo shi a jaki.

Na tanadi abin sharar tun jiya, duk da albashi bai zo ba. Na ajiye takalma a ƙofa. Na zauna a zaure har rana ta take.

Asiya ta fito da tsintsiya da kanta. Na ce ta bari. Ta ce, "Ba zai zo ba, Malam." Ta share, ta kawar da takalman gefe.

Busasshiyar wutsiyar tana nan, ba a sa ta a tukunya ba. Na ce ba na jin yunwa.

Talata, 26 ga Maris

Gwaggo ta zo, a wannan zafin, a bayan a-kori-kura. Ta zauna ta huce, ta sha ruwa, ta tambayi kowa da kowa har akuya. Sannan ta kwance ɗankwalin da ta ƙunso, ga gorar Kaka.

"An ce kai za ka. To ga ta. Da kai da shi duk ɗaya ne a wurina."

Na ce Gwaggo wasa fa na yi, Balaraben ne bai san al'adarmu ba. Ta ce ta sani, ai haka ta gaya wa Badamasi. Na ce to me ya ce? Ta gyara igiyar gorar. Can ta ce, "Cewa ya yi shi ya san muryarka ta wasa. Ya sa an maimaita masa maganar sau biyu, sai ya tashi ya fita."

Ta ce ya sayar da ɗan bijiminsa tun watan jiya don ya bar wa iyali abinci kafin ya dawo. Ba don ta sa ni jin wani abu ta faɗa ba, hira ce ta kawo.

Gorar tana rataye a ƙusa. Duk inda na juya a ɗakin tana gabana.

Alhamis, 28 ga Maris

Na je Fagge. Ba don komai ba, don kawai in wanke al'adarmu, kar baƙo ya tafi da tunanin muna ɓata 'yan'uwanmu.

Shagonsa ƙarami, kwalabe har rufi. Ya ba ni kujera da shayi mai kanumfari. Na yi masa darasi kamar ina aji: ɗan namiji da ɗan mace, ubangida da bawa, shara, ɓoye takalmi, duka. Ya saurara har na gama.

Sai ya ce, "Malam, na daɗe a Kano. Na san wasan nan, maƙwabtana suna yi. Mu ma muna da irinsa."

Na ce to me ya sa?

"Ran nan kowa ya yi dariya. Na dubi fuskarka, kai ba ka yi ba. Sai na ce wannan ko dai gaskiya yake faɗa, ko kuwa yana so in ɗauka gaskiya ce. Ni baƙo ne, ba zan iya rabewa ba."

Na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan wata kwalba. Na ce Badamasi zai dawo. Yana da uwa, yana da mata da 'ya'ya uku, yana da gonar da ko kwana biyu ya yi a Kano sai ya yi mafarkinta. Mutumin da ko karyewa ba ta hana shi zuwa ƙofar gidana ba. Na kurɓi shayi.

Ya ce magana ta cire shi, magana kaɗai ba za ta mayar da shi ba. Wuri ɗaya ne, suna ɗaya zai aika. In na tabbata, in bar fasfona a hannunsa har ranar da Badamasi ya dawo, in sa hannu cewa in bai dawo ba tare za mu amsa tambaya.

Fasfon yana aljihuna, don gobe ne za a kai shi a buga mini biza. Na ce zan yi shawara. Na fito har bakin titi, na tsaya ina kallon motoci. Wannan takalmin ma ciwon baya yake sa ni. Na koma.

Na miƙa masa fasfon, ya jefa shi cikin durowa tare da rasiɗai da murafen kwalabe. Ko buɗe shi bai yi ba.

Asabar, 30 ga Maris

Alhaji Jalo ya yi faɗa, wai muna wasa da wa'adinsa, yau dogo gobe gajere. Amma na ga ya ji daɗi, bai iya ɓoyewa ba. Wannan ma na ajiye shi a raina.

Na ba Asiya gorar ta kai Gude. Na ce ta ce ƙusar ɗakinmu ba ta da ƙarfi. Yau ta zuba mini man shanu a tuwo, ban tambaya ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Bizarsu ta fito, izinin kyamara ma. An ce Badamasi ya yi ta nuna wa mutane hatimin a Kabo. Bai zo ba, bai aiko ba. Ban ce ya zo ba dama.

Litinin, 15 ga Afrilu

Sun tafi.

Ban yi niyyar zuwa tasha ba, hanyar makaranta ce ta bi ta nan. Gwaggo tana wurin, da matar Badamasi, da rabin Gude. Ya sha sabuwar shadda, gorar Kaka a kafaɗa. Ta yi masa kyau, ba zan yi ƙarya ba. Haushi ya kama ni kamar ranar farko, ko kaɗan bai ragu ba.

Ya bi mutane yana sallama. Ya zo kaina ya miƙo hannu biyu. "Malam, sai Allah ya dawo da mu." Na ce Allah ya tsare. Ya shiga mota, na juya keke.

Motar ta fara tafiya sai na ji kaina ya yi sanyi. Dogon hannun nan ta taga, ya fizge hulata.

"Kai Guntu! Wannan ta sharar bana ce! Kuma ka share ƙofarka da kanka kafin in dawo, ƙazami!"

Na bi motar a guje ina cewa ɓarawo, a tare bawa ya gudu, Allah ya sa raƙumin Sudan ya zauna maka a ka. Tasha duka dariya, Gwaggo har da riƙe ciki. Na tsaya a bakin kwalta ina haki. Wani abu ya faɗa mini a ido, na daɗe ina murzawa.

Na shiga aji ba hula, yara suna ta kallona. Har yanzu ina nan a kan bakana, Kaka gajere ne, kuma fim ɗin zai fito da kuskure.

Na ce wa Asiya ta soya wutsiyar nan ta adana. An ce wata biyu za su yi.